Yadi 150 Zuwa Rami

Ni ba ɗan golf ba ne na a-zo-a-gani. Sau uku ko huɗu a shekara nake riƙe sanda, galibi idan wani abokin ciniki ya gayyace ni filin Achimota a nan Accra. Kun san yadda abin yake, wata maganar kwantena ba ta faɗuwa a shago, sai ana tafe a kan ciyawa.

Abin da na lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne kusan kowa ya zo da na'ura. Wani agogo ne a hannunsa mai aiki da GPS, yana nuna masa taswirar fili. Wani kuma 'yar na'ura ce kamar tabaran hangen nesa, ya saita ta kan tutar da ke bakin rami, ya danna, ta ce yadi 150. Da yadi suke awo kamar mu. Lissafa, turmin atamfa 25 ke nan a shimfiɗe.

Da can haramun ne a gasa. A 2006 aka bar wa kowane kulob zaɓi, a 2019 kuma dokokin wasan suka halatta auna nisa gaba ɗaya, amma banda auna gangara ko tudu. Gasar PGA ta Amurka ma ta yarda da ita a 2021.

To, ga inda nake da ja. Gwani idan aka ce masa 150, ya san sandar da zai zara cikin 14 ɗin da doka ta yarda a ɗauka, ƙwallon kuma ta sauka kusa da nan. Irina fa? Sanda ɗaya, yau ta kai 130, gobe 160, jibi ta nufi bishiya. Ma'aunin zinariya ne aka ba mai sayar da gawayi.

Sannan akwai yaran da ke ɗaukar mana jaka, waɗanda ake kira kadi. Wani ya shekara goma yana taka filin nan. Ya san lokacin hunturu ƙasa na bushewa ƙwallo ta yi ta gangarawa, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina. Ya ga bugunka biyu, ya riga ya gane ka, sai ya ce, "Alhaji, bar wannan, ɗauki waccan." Da ɗan abin da muke ba su wasu ke biyan kuɗin makaranta. Duk wanda ya sayi na'ura da keken jan jaka ya ce ya huta da kadi, abincin wani ya taɓa, ko bai nufa ba.

Idan ɗanka ya matsa sai an saya masa, akwai manhajojin waya na kyauta masu nuna nisa. Ya fara da su. Ni dai kuɗin na kadi ne. Tun 2019 minti uku kacal doka ta ba mutum ya nemo ƙwallonsa idan ta ɓace, a da biyar ne, kuma tawa a cikin ciyawa take kwana.