Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Bindiga Mai Madubi a Labaranmu



Tun da labaran 'yan bindiga da jami'an sirri suka samu kasuwa a WhatsApp da Wattpad, akwai wata bindiga da ta zama kamar dole a hannun jarumi, wato doguwar nan mai madubin hangen nesa a bayanta. Jarumi zai tsince ta a ɗakin maƙiyi cikin dare, ya hau soro, ya kafa ido a madubi, ya kayar da mutum daga nisan da ko jiniya ba a ji. Ra'ayinmu shi ne, kafin marubuci ya ɗora wa jaruminsa wannan madubi, ya san abin da yake yi da abin da ba ya yi, sannan ya tambayi kansa ko labarin Gwarzo da Kabo yana bukatarsa.

Mu fara da ita kanta bindigar. Akwai wadda idan an danne kunama za ta yi ta aman wuta har a saki. Akwai kuma wadda take ɗura wa kanta harsashi, amma kowane harbi sai an sake danna kunama. Wannan ta biyun ce aka fi ɗora wa madubi, domin aikinta harbi ɗaya-ɗaya ne cikin natsuwa. Misalin da ya fi shahara ita ce Dragunov, wadda sojojin Tarayyar Sobiyet suka fara amfani da ita a 1963, kuma madubinta ninki 4 kawai yake yi. Ma'anar ninki 4 shi ne, mutumin da ke nisan mita 400 zai bayyana kamar yana mita 100. A mita 100 kuwa ba a ganin zufa a goshi, balle a karanta tsoro a ƙwayar ido kamar yadda fim yake nuna mana.

Madubi yana da kuɗin da ake biya. Gwargwadon yadda ya kusanto da abu, gwargwadon yadda yake ƙuntata filin da ido ke gani. Mai leƙe a cikinsa yana kallon ƙofa ɗaya, bai san abin da ke tahowa ta gefensa ba. Yana kuma ninka rawar hannu da bugun zuciya, don haka jarumin da ya gama tsere yana haki ba zai ga komai a tsaye ba. Idan ya manna ido a jikin gilashin, bindiga za ta yi baya ta fasa masa gira. Ga shi madubin rana ba ya gani a duhu. Na'urar ganin dare wata aba ce daban.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai labari shi ne saiti. Madubi ba ya zuwa da saitinsa. Sai an ɗaure shi daram, an yi harbin gwaji, an daidaita shi da wannan bindigar da irin harsashinta. A cire shi a kai wa wata bindiga, aiki ya koma farko. AK-47 da kowa ya san sunanta ma ba a ƙera ta don madubi ba. Murfin samanta siririn ƙarfe ne da ake cirewa, shi ya sa masu ƙera ta suka koma maƙala madubi ta gefe. Bayan haka harsashi yana sunkuyawa ƙasa yayin tafiya, iska kuma tana karkatar da shi. Ke nan madubi yana taimakon ido ne, ba ya mayar da ɗan koyo gwani. Simo Häyhä na ƙasar Finlan, wanda ake sa wa cikin fitattun maharban tarihi saboda yaƙin hunturun 1939 zuwa 1940, bai yarda da madubi ba. Ya zaɓi saitin ƙarfe, domin gilashi yana yin raɓa a sanyi, yana ƙyalli a rana, yana kuma tilasta wa mai harbi ɗaga kai.

Yanzu mu kawo wannan bindiga gida. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo ta Kabo a watan Agusta ya san dawa da gero sun fi tsayin mutum. Ko da madubin me za a hango a gonar Garo ko Getso? Da hunturu hazo ya rufe, da bazara kawalwalniya tana sa abin da ke nesa ya riƙa rawa. Ƙasa da yanayi suna da bakin magana a harbi. Marubucin da ya sa su a labarinsa ya samu abin ja wa mai karatu rai ba tare da ya ara daga Amurka ko Indiya ba.

Sai doka. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na soja haramtattu ne, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Irin na farauta na zamani suna ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki, wato su bindigar toka, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake ba da lasisinsu. Saboda haka idan wani saurayi a Kabo ya fito da bindigar soja mai madubi, labari ya ci bashin amsa: jami'i ne ko mai laifi? Wa ya ba shi? Wa ya gani ya yi shiru? Sau da yawa labarin gaskiya yana cikin waɗannan tambayoyin ne, harbin kuwa layi biyu ya ishe shi.

Wani zai ce ai ƙirƙira ce, kuma Ganɗoki na Bello Kagara ya shiga duniyar aljanu ba wanda ya tuhume shi. Haka ne. Amma idan labari ya shiga duniyar aljanu, mai karatu ya san an sauya alƙawari. Wanda ya ambaci Lakwaya da Kutama da kasuwar Getso kuwa ya yi alƙawarin cewa duniyar nan tamu ce. Cikin masu karatunmu akwai sojoji da 'yan sanda da 'ya'yan maharba. Da zarar sun kama marubuci da ƙarya a kan bindiga, ba za su sake gaskata shi a kan soyayya ko mutuwa ba. Wannan ba kira ba ne a cika shafi da sunayen ƙarafa ko a mayar da littafi ajin koyon harbi. Bayani ɗaya na gaskiya ya wadatar. Misali, a dogon zango harsashi yana riga ƙararsa isowa, don haka mutum zai faɗi kafin na kusa da shi su ji ƙarar bindigar. Wannan ɗan taƙin na shiru ya fi shafi goma na ƙarar harbi tayar da tsigar jiki.

Akwai kuma abin da ya fi ƙwarewa nauyi. Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma a ƙarshen 2025 hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ga mutanen wannan yanki bindiga ta daina zama abin kallo a fim. Madubi yana mayar da ɗan Adam ɗigo a tsakiyar gilashi, ba suna, ba uwa, ba 'ya'ya. Aikin marubuci shi ne ya mayar wa ɗigon nan da sunansa. Idan har za mu kwanta tare da mai harbi a kan soro, to mu sauko mu shiga gidan da aka kai gawar, mu zauna zaman makokin.

Kuma muna da namu maharban da alƙalami bai ba su haƙƙinsu ba. Ga sarkin baka, ga 'yan tauri, ga gangi da kirari, ga karnuka da layu da ƙahon albarushi. Mai harba-ka-ruga harbi ɗaya gare shi kafin ya sake ɗuri, shi ya sa dole ya san sawu, ya san inda iska ta dosa, ya matsa kusa har ya ji numfashin abin da yake bi. Ina jarumtar da ta fi wannan daɗin rubutawa? A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu an ɗauke su masu garkuwa da mutane. Duniyar da ba ta iya bambanta mafarauci da ɗan bindiga tana bukatar marubutan da za su nuna bambancin, kuma ba wanda ya fi mu sanin hanyar gidajensu.

Aikin wannan mako: kowa ya nemi dattijon maharbi a unguwarsu ko ƙauyensu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ranar da ya ɗaga bindiga ya fasa harbi, da dalilin fasawar. A rubuta abin da aka ji cikin kalmomin da ba su wuce 300 ba, a sakaya sunansa, a ajiye a nan ƙasa. Wanda yake ganin madubin yana da gurbi a labarinsa, ya kawo hujjarsa mu tattauna.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.