Wace Bindiga Ce Ta Dace Da Hannun Yaro Mai Koyo?

Unguwar Gudu, wadda ta ke maƙwabtaka da Apo a cikin Abuja, abu biyu aka fi saninta da su, watau kasuwarta ta kayan gyaran mota da na lantarki, da kuma babbar makabartar nan inda a ke kai mamatan birni. Tsakanin waɗannan biyu gidaje ne jere, katanga na jingine da katanga, cike da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da iyalansu. Tun daga watan Janairu na 2024, sa'ad da masu satar mutane suka addabi yankin Bwari, zancen tsaro bai bar bakin magidanta a Birnin Tarayya ba, har ta kai waɗansu suna tunanin ko lokaci ya yi da za su koya wa 'ya'yansu riƙon bindiga. Waɗansu kuwa sha'awa ce ta kawo su ga wannan tunani, domin yaro ya ga gasar harbi a talabijin ya ce shi ma yana so. Ko ta wace hanya aka biyo, tambayar ɗaya ce: da wace bindiga ya kamata a fara koya wa yaro?

Amsar a taƙaice ita ce, a fara da mafi ƙanƙantar ƙarfi, watau bindigar iska mai cin harsashi ɗaya tak, wadda tsawonta da nauyinta suka yi daidai da jikin yaron, kuma a hannun malami, a wurin da hukuma ta yarda. Amma da ya ke maganar ta shafi rai, ya kamata a bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Koya wa yaro harbi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maharba suna da sana'arsu da shugabanninsu, har da sarautar Sarkin Baka, kuma suna da tsarin da su ke bi da ɗan koyo. Yaro yakan fara da danƙo yana harbin tsuntsu a bakin gona, sa'an nan ya koma ga ƙaramin baka da kibiya marar dafi, ya shekara da shekaru yana bin ubansa daji yana ɗaukar masa jaka da gora. Sai an ga hankalinsa ya zauna, an ga yana iya yin shiru, yana jin bari in an ce bari, kana a bar shi ya taɓa adaka. Su ma 'yan bindigar sarki da ke cika gari da ƙara ran hawan salla a Kano da Katsina da Zariya, babu wanda a cikinsu ya fara ɗura albarushi ran da ya fara bin ayari. Mutanen dā sun san icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma sun san kuma in aka tanƙwara da ƙarfi karyewa ya ke yi.

Abin da ya sāke a yau shi ne doka da kuma wurin zama. Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. A cikinsu har da mai lamba .303, wadda tsofaffin sojoji da 'yan sanda suka sani sarai. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya mallaka da lasin daga Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki, irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda ke ba da lasin ɗinsu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bindigar iska ma tana cikin kashi na biyu. Watau a idon doka ba abin wasan yara ba ce, ko da a cikin kwali mai zane aka kawo ta daga Dubai ko Ingila a matsayin tsaraba.

Har ila yau dokar ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ma'anar wannan ita ce, uba ba shi da ikon ya saya wa ɗansa ɗan shekara 12 bindiga ya ce tasa ce. Ban da haka, a 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin, a 2024 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar hana yaɗuwar ƙananan makamai. Saboda haka matakin farko ga kowane magidanci shi ne ya je hedkwatar 'yan sanda ya tambayi halin da a ke ciki, kafin ya saurari wani dillali. Mai sayar da bindiga a ɓoye ba zai raka kowa kurkuku ba, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

In an gama da doka, sai a zo ga ita bindigar. Hukumar wasan harbi ta duniya, wadda aka kafa a 1907, mai hedkwata a birnin Munich na ƙasar Jamus, tana da gasar da a ke yi da bindigar iska daga nisan mita 10. Faɗin harsashinta milimita 4.5 ne, nauyinsa kuwa wajen rabin giram na darma. Tsakiyar abin barar, inda a ke samun maki goma, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, bai fi ɗigon alƙalami ba. Wannan gasa ta shiga wasannin Olamfik a 1984 a birnin Los Angeles. Da irin wannan bindiga Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinariya a birnin Beijing a 2008, wadda ita ce ta farko da mutum guda ya taɓa ciyo wa ƙasar shi kaɗai. Da ita kuma wata yarinya 'yar Koriya ta Kudu, Ban Hyo-jin, ta ci zinariya a Faris a 2024 tana da shekara 16. Duk wanda ke ganin bindigar iska ta yi wa ɗansa kaɗan, to, ya dubi waɗannan.

Dalilin fifita ta a bayyane ya ke. Babbar bindiga tana da ƙara mai lahanta kunne, kuma in ta tashi takan naushi kafaɗa. Yaron da aka fara da mai baki biyu, tun harbin farko jikinsa zai koyi tsoro. Daga ranar, duk sa'ad da zai ja kunama sai ya runtse ido, ya ɗaga kafaɗa, ya fizgi yatsa, harsashi ya tafi inda ba a aike shi ba. Wannan ɗabi'a tana da saurin shiga da wuyar fita. Bindigar iska kuwa ba ta da wannan naushi, ƙararta kaɗan ce, harsashinta da araha, saboda haka yaro zai iya maimaita harbi sau da yawa hankalinsa na kan abubuwan da su ne ainihin ilmin: tsayuwa, da numfashi, da daidaita ido, da jan kunama a hankali.

Abu na biyu shi ne ta zama mai cin harsashi ɗaya. Bindigar da a ke ɗura wa harsashi da yawa takan bar ɗaya a ciki bayan kowa ya ɗauka ta ƙare, kuma haɗari da yawa daga nan ya ke fitowa. Mai cin ɗaya kuwa, malami ne ke riƙe da gwangwanin harsashi, ya miƙa guda, a harba, a buɗe bindiga kowa ya ga babu kome a ciki, sa'an nan ya miƙa wani. Jinkirin nan da yaro zai ƙosa da shi, shi ne rabin karatun.

Abu na uku shi ne awo. Ƙotar bindigar manya, daga inda ta ke zama a kafaɗa zuwa kunama, takan kai wajen santimita 35, ta yara kuwa wajen 30. Akwai tsohuwar dabarar gwaji: a tabbatar bindiga ba kome a ciki, a ɗora gindin ƙotar a lanƙwasar gwiwar hannun yaro, in yatsansa ya kai kunama ba tare da miƙewa ba, to, ta yi kusa da daidai. In ta yi masa tsawo zai riƙa karkata baya yana turo ciki don ya ɗauke ta, bakinta kuwa ya riƙa yawo. Nauyi ma haka. Ƙa'idar gasa ta yarda bindiga ta kai kilo 5.5, amma wannan na manya ne, yaro mai koyo wadda ba ta wuce kilo uku ba ta ishe shi, kuma da fari a zaune zai yi harbi, bindiga na bisa jakar yashi. Kuskuren da iyaye kan yi shi ne na sayen riga, watau a sayi babba wai yaro zai girma ya cika ta. Riga in ta yi yawa sai a naɗe hannu, amma bindigar da ta fi ƙarfin mai riƙe da ita tana iya juyawa ta dubi wanda ke tsaye a gefe. Mafita ita ce mai ƙotar da a ke ƙara wa tsawo ko a rage.

Bindigogin iska kuma iri-iri ne. Akwai wadda a ke karya bakinta a danne wani ƙarfe mai tsalle a ciki. Ita ce mafi araha da ƙarko, sai dai danne ta yana bukatar ƙarfi, kuma takan girgiza in ta tashi. Akwai mai hannu a gefe wanda a ke ja sau ɗaya a matsa iska, ba ta girgiza, ba ta bukatar kome daga waje, ita ce ta fi dacewa da mai koyo a ƙasar da kayan gyara ke da wuya. Akwai kuma mai tukunyar iska, irin wadda kamfanonin Jamus kamar Feinwerkbau da Walther da Anschütz ke ƙerawa domin gwanaye. Ta fi duka kyau, amma tana da tsada, sai an cika tukunyar da famfo na musamman, kuma in robar cikinta ta lalace, Kasuwar Gudu da duk yawan kayanta ba nan a ke neman irinta ba. Game da saiti, a fara da na ƙarfe, a bar madubin hangen nesa sai gaba. A kuma gwada a ga wane ido ne ya fi rinjaye a wurin yaron, domin akwai na-dama da idonsa na hagu ne ke jagora.

Wanda ya ƙware da ta iska, mataki na gaba a ƙasashen da wasan ya kafu shi ne bindiga mai lamba .22, wadda a ke gasa da ita daga nisan mita 50. Ƙarama ce a ido, amma harsashinta yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Wanda ya tsaya a tsakar gida a Gudu ya auna wannan nisa ta kowace fuska, zai ga ya haɗa da kasuwa da makarantu da masallatai da manyan tituna. Ko ta iskar ma tana fasa ido, tana kuma kisa in ta sami yaro a wuri mai laushi, harsashinta kuma yakan dawo in ya bugi siminti. Saboda haka bayan gida a cikin birni ba wurin koyo ba ne. Wurin koyo shi ne filin harbi mai izini, mai tudun ƙasa ko akwatin ƙarfe a bayan abin bara, ƙarƙashin ƙungiyar wasan harbi ko wata makaranta. Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka buɗe a 1954 domin yara maza, ta daɗe da nuna cewa horo da ladabi su ke zuwa kafin makami.

Akwai ƙa'idodi huɗu da yaro zai haddace kafin ya taɓa ƙota. Ya ɗauki kowace bindiga a kan tana da harsashi. Kada ya nuna bakinta ga abin da ba ya nufin harbi, ko da wasa. Yatsansa ya zauna nesa da kunama sai ya daidaita bara. Ya san abin da zai harba da abin da ke bayansa. Ban da waɗannan, a sa masa tabarau na kāre ido, a hana shi riƙe harsashi a baki kamar yadda yara kan yi, ya kuma wanke hannu in an gama, domin darma guba ce. Jama'a ba su manta da yara fiye da 400 da gubar darma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. In an tashi, bindiga ta koma akwati mai makulli, harsashi a wani wuri dabam, makullin kuma a aljihun babba.

Saura magidancin da tsoron ɓarayi ya kawo shi ga wannan magana. Tsoronsa ba abin dariya ba ne, amma ɗan shekara 13 ba mai gadi ba ne. Yaron da aka gaya wa cewa bindigar nan don kāre gida ce, zai neme ta cikin duhu ran da ya ji motsi, kuma mai motsin sau da yawa wansa ne da ya dawo da dare, ko almajirin da ya zo ɗaukar kwano. Tsaron gida aikin manya ne da hukuma da haɗin kan unguwa. Abin da wasan harbi zai ba yaro shi ne natsuwa da haƙuri da bin umurni, waɗanda za su amfane shi a aji da wurin aiki ko da bai sāke riƙe bindiga ba har abada.

Saboda haka uban da ɗansa ya matsa masa, sai ya fara da zuwa wurin 'yan sanda, sa'an nan ya nemi Majalisar Wasanni ta Birnin Tarayya ko ta jiharsa ya tambayi inda masu wasan harbi ke horo, ya je da kansa ya ga malamin da filin. In bai sami wurin da ya kwanta masa a rai ba, ya haƙura tukuna, yaron ya ci gaba da ƙwallo ko guje-guje. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.