RA'AYINMU: Kuɗin Kabon da Dajin da Muka Gada

Wata kasuwa ta buɗe a duniya wadda ba a kasa haja a cikinta, ba a kuma loda kaya a mota. Abin da ake sayarwa shi ne alkawari cewa itacen da ke tsaye a daji za a bar shi tsaye. Masu saye su ne kamfanonin mai da na jiragen sama da manyan masana'antu na Turai da Amurka, waɗanda hayaƙinsu ke ƙara wa duniya zafi. Itace yana shan iskar kabon ya ajiye ta a jikinsa, in kuwa an sare shi an ƙone, iskar ta koma sama. To, sai masana su auna daji su ce ya riƙe tan kaza, a rubuta takardar shaida ɗaya a kan kowane tan, kamfani ya saya ya gaya wa duniya ya biya diyyar hayaƙinsa. Ana kiranta kasuwar ganin dama, domin babu dokar da ta tilasta wa kamfanin ya saya.

Tsakanin kamfanin da mutanen ƙauye, sau da yawa ƙungiyoyin sa kai ne ke tsayawa, waɗanda ba don riba aka kafa su ba. Su ne ke shirya aikin, su kawo masu awo, su karɓi kuɗi su raba. Wannan al'amari ya shafe mu, 'yan'uwa, domin yawancin dazuzzukan da suka rage a Arewa suna wuraren da ikkilisiyoyinmu ke da yawa: tsaunin Mambila, yankin Gashaka, kudancin Kaduna, Filato da makwabtanta. Mutanen Taraba ba su manta da yadda aka yi wa madobiya kisan kiyashi ba a tsakiyar shekarun 2010, tireloli suna kwasa zuwa bakin teku, daga can zuwa ƙasar Sin. Saboda haka wanda ya zo da maganar kare daji ya zo da magana mai kyau, ba kuwa za mu kore shi ba. Amma duk ranar da ya zo, ƙofa biyu zai fara ƙwanƙwasawa, ta sarki da ta fasto, domin ya san in waɗannan biyu sun yarda jama'a za su bi. Shi ya sa muke so shugabanninmu su san abin da ya faru a wasu wurare tun kafin baƙon ya yi sallama.

Mu fara da Maradi, a Jamhuriyar Nijar. Wani ɗan mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta dashen itatuwa a can a farkon shekarun 1980, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwoyinsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, aka yanke sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Mutanen wurin suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. A yunwar 1984 aka haɗa ta da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, a ba ka hatsi. Itatuwa wajen 500,000 suka tashi. Da rabon abinci ya ƙare, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku.

A nan darasin yake, muna kuma roƙon masu karatu su tsaya a kansa. Mutumin da aka biya domin ya bar itace, ranar da biya ya tsaya gatari zai ɗauka. Waɗanda ba su sare nasu ba su ne waɗanda suka ga amfanin da idonsu: itacen girki ba sai mata sun yi tafiyar yini ba, ganyen kalgo da 'ya'yan gawo sun ciyar da awaki da rani, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashin gawo. Akwai kuma abu na biyu. A da, itace a Nijar kamar na gwamnati ne, manomi yana iya shan tara a hannun ma'aikatan gandun daji saboda itacen da ke cikin gonarsa, don haka gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, galibi ba tare da an biya kowa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya, tare da Yacouba Sawadogo, manomi daga Burkina Faso.

Kuɗin kabon ya shigo wannan labari ne a Humbo, a kudancin ƙasar Habasha. Ƙungiyar World Vision ta kai dabarar Maradi can a 2006, a kan tsaunuka masu faɗin hekta 2,728 da suka zama ƙeƙasassu. Kafin kuɗi ya fara shigowa, sai da aka kafa ƙungiyoyin gama kai bakwai na mutanen wurin, hukuma ta ba su takardar izinin amfani da filin. Suna yankan ciyawa, suna ɗiban rassan da aka sassabe. A 2009 aka yi wa aikin rajista a ƙarƙashin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, wani asusu na Bankin Duniya ya riƙa sayen takardun kabon, jama'a suka sa kuɗin a injinan niƙa da rumbunan hatsi. Kuɗin bai mai da kowa attajiri ba. Ya zo ne a matsayin ƙari a kan amfanin da mutane suka riga suka samu.

Amma ba kowane wuri aka yi haka ba. A Zimbabuwe, kusa da tafkin Kariba, an fara wani babban aiki a 2011 a kan fili fiye da hekta 700,000, manyan kamfanonin duniya suka sayi takardunsa. Ga inda gizo ke saƙa: a irin wannan aiki ba a kan itatuwan da aka dasa ake biya ba, a kan waɗanda aka ce da an sare su ne in ba don aikin ba. Wato hasashe ake sayarwa. Gwargwadon yawan ɓarnar da ka yi hasashe, gwargwadon yawan takardun da za ka sayar. A Kariba an yi hasashen ɓarnar da ta wuce gaskiya nesa ba kusa ba. A watan Oktoba na 2023 kamfanin South Pole, wanda ke sayar da takardun, ya janye hannunsa, a 2025 kuma Verra, ƙungiyar da ke ba da shaidar ingancin irin waɗannan ayyuka, ta ce fiye da rabin takardun da aka fitar sun wuce kima. Tun a watan Janairu na 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka ba da rahoto cewa mafi yawan takardun kare daji da suka bincika ba su rage hayaƙin komai ba. Verra ta musanta rahoton, amma daga baya ta sake tsarin awonta. A nan gida ma, jihar Kuros Riba ta hana sare katako a 2008 da begen kuɗin kabon. Mutanen ƙauyuka suka yi shekaru suna kukan an tsare musu daji, kuɗin kuwa ba su gani ba.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan mudun ƙarya ba. Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Ubangiji yake ƙin ma'aunin algus, ba kuwa a kasuwar hatsi kaɗai ake algus ba. Muna faɗin wannan musamman ga 'ya'yanmu da suka yi karatun gandun daji da aikin gona, waɗanda wasunsu za su shugabanci irin waɗannan shirye-shirye. Aikin yana da nauyi, domin mai shi yana tsakanin masu kuɗi da ke son adadi mai yawa da talakawa da ba su iya karanta takardar awo ba. Za a matsa masa ya ƙara lamba, za a ce ai don amfanin jama'a ne. Kada ya yarda. Ranar da asiri ya tonu, kamfani zai koma wata ƙasa ya saya, ƙauye ne zai kwana da asara. Shugaba na gari zai faɗa wa jama'a nawa aka sayar, nawa ya tafi ga albashi da motoci da masu awo, nawa ya iso ƙauye, ya faɗa da baki a dandali, ya kuma manna a bango.

Ga fastoci da katikis da dattawan ikkilisiya, maganarmu ita ce kada sunan ikkilisiya ya zama hatimi a kan takardar da ba a karanta ba. Irin wannan yarjejeniya takan ɗaure fili shekara 30 ko fiye. Wanda ya sa hannu yau yana iya kasancewa a kabari, jikokinsa na fama da sharuɗɗan. Mun san labarin Isuwa da abin da ya bayar saboda kwanon abinci ɗaya, mun kuma san Nabot da ya ƙi rabuwa da gonar gādo ko da sarki ne mai tayi. Bugu da ƙari, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnan jiha, dokar sauyin yanayi ta 2021 kuma ta kafa majalisa ta ƙasa mai lura da waɗannan al'amura. To, in haka ne, wa zai karɓi kuɗin, jiha ko ƙaramar hukuma ko sarki ko jama'a? In takardar ba ta amsa wannan a fili ba, ba ta isa sa hannu ba tukuna.

A tambayi baƙon, cikin ladabi, ko matan da ke ɗibo itacen girki da ganyen miya za su ci gaba da shiga dajin, haka masu zuma da masu magani. A tambaye shi abin da zai faru in farashin kabon ya faɗi ko wuta ta cinye dajin. A kira zumuntar mata wurin taron, domin su ne suka fi kowa sanin dajin, su ne kuma ake yawan mantawa da su. A kira makwabtanmu Musulmi da masu bin addinin gargajiya, a kira ardon Fulani, domin dajin da aka rufe wa makiyayi ba da saninsa ba rigima aka shuka, mu kuwa mun binne mutane da yawa a kan fili. A nemi kwafin yarjejeniyar, a fassara ta da Hausa da harshen garin, a karanta ta bayan sujada, a kai wa lauya na ikkilisiya ya duba.

Muna kuma kira ga majalisun gundumomi da makarantunmu na Littafi Mai Tsarki su sa sassabin zamani cikin abin da ake koya wa masu shirin aikin bishara. Ana iya farawa da gonar fasto da filin majami'a a sharar gona mai zuwa: a zaɓi kututturan kalgo da sabara da gawo da suka toho, a bar musu reshe biyu biyu, a ɗaura musu ƙyalle domin yara da masu kiwo su san an hana taɓawa.