Juyin Mulkin Bindiga Da Juyin Mulkin Alƙalami

Ranar 30 ga Yulin 2023 shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka hallara a Abuja, suka ba sojojin da suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Jamhuriyar Nijar wa'adin kwana bakwai su mayar da shi kan kujerarsa, ko kuma a yi amfani da ƙarfin soja a kansu. Kwana bakwai suka wuce, watanni suka shuɗe, Janar Abdourahamane Tchiani bai gusa ba. A Fabrairun 2024 ƙungiyar ta janye takunkuminta ba tare da ta samu ko ɗaya daga cikin buƙatunta ba, sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga cikinta. Nijeriya ce ke riƙe da shugabancin ƙungiyar a duk tsawon wannan lokaci, saboda haka wajibi ne mu tambayi kanmu abin da ya sa muryarmu ta rasa nauyi a gidan maƙwabci mafi kusa.

Mai karatu ya san waɗanda takunkumin ya faɗa wa. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno. Da aka rufe ta, ɗan kasuwar Illela da na Birnin Ƙonni suka shiga uku tare, haka na Jibiya da na Maraɗi, haka masu dabbobi a kasuwar Maigatari. Aka katse wutar lantarkin da Nijeriya ke bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, motocin abinci da na magani suka yi jerin gwano a kan iyakar Benin. Janar-janar ɗin da aka nufa da horon kuwa ba su kwana cikin duhu ba. Hasali ma takunkumin ya zame musu garkuwa, domin duk wahalar da ta samu talaka sai su nuna masa Abuja da Paris.

Kada a fahimce ni a baibai. Abin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 ƙwace ne, ko da an lulluɓe shi da tutar kishin ƙasa. Bazoum ya karɓi mulki a 2021 daga hannun Mahamadou Issoufou, karo na farko ke nan a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba. Dogaran da aka ɗora wa amanar tsaronsa su suka kulle shi da matarsa, suka kuma yi biris da hukuncin kotun ECOWAS na Disambar 2023 da ya ce a sake shi. A Maris ɗin 2025 aka rantsar da Tchiani na shekara biyar ba tare da ƙuri'ar kowa ba, aka rushe jam'iyyun siyasa. 'Yan bokonmu da ke tafa wa sojojin Sahel daga cikin ofisoshinsu a Kaduna da Kano, ya kamata su tuna cewa mu ma mun ɗanɗana wannan zuma a zamanin Abacha, mun san ɗacin da ke ƙarƙashinta.

Tambayar ita ce, me ya sa jama'a suka cika filin wasa a Yamai suna yi wa ECOWAS ihu, alhali ita ce ke iƙirarin kare musu ƙuri'arsu? A ganina amsar tana cikin takardar da ƙungiyar ta rattaba wa hannu da kanta a Dakar a Disambar 2001, wato yarjejeniyar dimokuraɗiyya da kyakkyawan shugabanci. Takardar ta haramta samun mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki, ta kuma haramta ci gaba da riƙe shi ta irin wannan hanya. Haramci biyu ne a jumla ɗaya. Shugabanninmu sun haddace na farko saboda shi ke kare kujerunsu daga soja, suka manta na biyu saboda shi ke kare talaka daga gare su.

A duba Gini. Alpha Condé, wanda ya shafe shekaru yana adawa har ya sha ɗauri, ya sauya tsarin mulki ta ƙuri'ar raba gardama a Maris ɗin 2020 don ya samu wa'adi na uku, aka kashe masu zanga-zanga da dama a titunan Konakiri. ECOWAS ta yi ƙorafi a kan rajistar masu zaɓe, daga nan ta ja bakinta. Ranar 5 ga Satumbar 2021 Kanar Mamady Doumbouya ya kama shi, kuma cikin kwana uku kacal ƙungiyar ta dakatar da Gini. A Kodebuwa, Alassane Ouattara ya tsaya karo na uku a 2020, ya ƙara na huɗu a 2025, yana cikin manyan masu tsawatarwa a taron Abuja. Na Togo ya fi ban mamaki. Da Gnassingbé Eyadéma ya rasu a Fabrairun 2005 bayan shekara 38 a kan mulki, soja suka naɗa ɗansa Faure. Obasanjo ya murza gashin baki, Faure ya sauka na 'yan makonni, ya dawo ta zaɓen Afrilu wanda ɗaruruwan mutane suka mutu a rikicinsa. A 2024 aka sake rubuta tsarin mulkin ƙasar, aka kwashe iko aka kai wani sabon muƙami na shugaban majalisar ministoci wanda ba shi da iyakar wa'adi, kuma a 2025 Faure ya hau shi. Wannan mutumin yana zaune a teburin da ake yanke wa wasu hukuncin saɓa wa dimokuraɗiyya.

Ba a ce ba a taɓa yunƙurin toshe wannan ɓaraka ba. A taron Accra na Mayun 2015 an kawo shawarar a taƙaita wa kowane shugaba a yankin wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka naɗe tabarmar zancen.

Abin takaicin shi ne mun san yadda ake yi idan an so. Lokacin da Mamadou Tandja ya ɗauko tazarce a 2009 (kalmar ma daga wajenmu ta tsallaka, tun zamanin Abacha), ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ECOWAS ta dakatar da Nijar a watan Oktoba, ta tura Janar Abdulsalami Abubakar shiga tsakani. A Gambiya kuma, da Yahya Jammeh ya faɗi zaɓen Disambar 2016 ya ƙi sauka, Shugaba Buhari ya je Banjul har sau biyu kafin a tura soja, Jammeh ya bar ƙasar a Janairun 2017 ba tare da an gwabza yaƙi ba. A nan mutanen ƙasar suna ganin ƙungiyar ta tsaya wa ƙuri'arsu a kan mai mulki. A Yamai kuwa sun ga ƙungiyar shugabanni ta tsaya wa ɗan'uwanta shugaba, kuma bayan abin da ya faru a Gini da Togo, da wuya a gamsar da su akasin haka.

Abokan hulɗarmu na ƙetare sun ƙara dagula lissafin. Da Idriss Déby ya mutu a Afrilun 2021, soja suka ture tsarin mulkin Cadi suka ɗora ɗansa Mahamat, shugaban Faransa ya je jana'izar ya zauna kusa da shi, Tarayyar Afirka ma ba ta dakatar da ƙasar ba. Bayan shekara biyu Faransar ce ta fi kowa zafi a kan Yamai. Amurka ta jira har Oktobar 2023 kafin ta kira abin da ya faru juyin mulki, saboda sansaninta na jirage marasa matuƙa da ke Agadas, wanda duk da haka ta rasa a 2024. Rasha da ta maye gurbinsu ba ta ma ɗauki nauyin yin wa'azin haƙƙin ɗan Adam ba. Kowace ƙasa bukatarta take bi, wannan ba laifi ba ne a diflomasiyya. Kuskuren namu ne da muka bari matsayin Abuja ya yi kama da na Paris a idon mutanen da muke aure da makoki tare da su.

Sai kuma batun gida, wanda shi ne mafi nauyi. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a jawabin rantsuwarsa cewa zaɓen 2007 yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Kwamitin ya ba da shawara a 2008 cewa a cire wa shugaban ƙasa ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe, gwamnati ta yi watsi da shawarar. A 2023 ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na masu rajista suka fita zaɓen shugaban ƙasa, shafin da hukumar ta yi alkawarin ɗora sakamakon rumfuna a kansa ya gaza a ranar, kuma da masu sa ido na Tarayyar Turai suka fitar da rahotonsu sai fadar shugaban ƙasa ta yi fatali da shi. Bayan wata guda muka fita muna ba wasu wa'adin kwana bakwai. Jakadan da ya ɗauki wannan kaya a kansa, yaya zai ɗaga kai a gaban Tchiani?

Ko a cikin rikicin, an fara da barazana kafin magana. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi ranar 5 ga Agusta. Tawagar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ta je Yamai a farkon watan ta dawo ba ta ga Tchiani ba, domin ta je ne da takardar wa'adi a hannu. Waɗanda ƙofa ta fara buɗe wa su ne Muhammadu Sanusi II, sai ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, mutanen da ba su da ko harsashi ɗaya. Da su ya kamata a fara, tare da gwamnonin jihohin kan iyaka.

Ƙasashe 12 suka rage a ECOWAS. Idan Nijeriya na son maganarta ta sake yin tasiri, to ta mayar da shawarar wa'adi biyu kan teburi, ta nace a kaɗa mata ƙuri'a a fili don a ga masu ƙi. Ta sa a rubuta cewa takunkumi zai hau kan asusun masu ƙwace da tafiye-tafiyensu, ban da wutar asibiti da buhun gero. Majalisar Tarayya kuma ta zaro rahoton Uwais daga inda aka ajiye shi tun 2008.