Barci Ba Na Masu Kuɗi Kaɗai Ba Ne: Shawara Ga Mai Niyyar Zuwa Birnin Rum

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su ce a yi ta da jajayen idanu ba. Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in faɗi ra'ayina a kan wani abu da matafiya suka raina, wato zaɓen ɗakin kwana a baƙon gari. Na ɗauki birnin Rum, hedkwatar ƙasar Italiya, ya zama misali, domin ba ya rasa baƙi daga wajenmu. Ma'aikatan gona suna zuwa taro a Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ofishinta ke can, fataken fata da takalma suna ratsawa ta cikinsa, yayyenmu kuma suna zuwa neman ilmi. Galibinsu ba attajirai ba ne, guzurinsu a ƙidaye yake. Ra'ayina shi ne, mai ƙaramin guzuri ya rage komi a tafiyarsa, amma kada ya rage barci.

Hayaniyar Rum ba yau ta fara ba. Wajen shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin Yuliyas Kaisar, aka kafa doka ta hana yawancin amalanke shiga gari da rana saboda cunkoso. To, da aka hana su rana, sai suka koma dare. Fiye da shekara 100 bayan haka wani mawaƙin birnin mai suna Juvenal yana ta kuka da ƙarar amalanken nan, yana ganin in ba mawadaci ba, ba mai samun barci a Rum. A yau amalanke sun tafi, amma babura sun gaje su. Titunan tsohon gari da yawa ba kwalta ce aka shimfiɗa musu ba, ƙananan baƙaƙen duwatsu ne aka jera, waɗanda ake kira sampietrini, kuma ko akwati mai taya aka ja a kansu sai ka ji kamar ana ɓarzar gero. Ga shi lungunan matsattsu ne, gidajen dogaye, saboda haka ƙara ba ta da wurin fita sai sama, ta bi tagogi.

Wani abin kuma, mutanen Rum ba su cin abincin dare da wuri. Sai wajen ƙarfe 8 ko 9 suke zama, hira kuwa ta kan wuce tsakar dare, musamman a unguwanni irin su Trastevere da Campo de' Fiori. Kafin masu hira su gama watsewa, motar shara ta iso tana juye kwalabe, ba da jimawa ba kuma ƙararrawar coci ta ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa ƙara a ɗakin barci kada ta wuce ma'auni 30 na desibel, wato kamar raɗa. Ɗakin da tagarsa ke kallon irin waɗannan tituna ya yi nesa da wannan ma'auni.

Na san wani zai ce, "Haba, ai kwanciya ce kawai! Wanda ya je ganin gari me ya haɗa shi da ɗaki?" Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta da ƙashi. Mu da muke kwana a makaranta mun san yadda darasin safe yake zama idan aka kwana ana surutu a ɗakin kwana: malam yana bayani, kai kana gyangyaɗi. To, ina ga mutumin da ya sayi tikitin jirgin sama, ya biya kuɗin biza, wanda ya koma yuro 90 tun watan Yuni na 2024, ya yi inshorar lafiya, sa'an nan ya je ya zauna a zauren taro ko gaban mai saye yana hamma? Rum gari ne da ake gani da ƙafa. Wanda bai yi barci ba ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, sai ya tare tasi inda bas za ta isar, ya faɗa gidan abinci na farko da ya gani komi tsadarsa. Hankalinsa kuma ba ya kan aljihunsa, alhali kuwa 'yan sane sun yi suna a tashar Termini da cikin bas mai lamba 64. Ko wurin hutawa ba ko'ina ake samu ba, gama tun 2019 aka hana zama a kan matakalar nan ta dandalin Piazza di Spagna, wanda ya zauna ana iya cinsa tara. Ashe kuɗin da aka tsira da shi a ɗaki, a titi za a zubar da shi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Amma fa kada a ɗauka cewa nake yi a kama ɗaki mai tsada. A nan ne na rabu da Juvenal. Shiru ba a hannun tsada yake ba, a hannun tambaya yake, matambayi kuwa ba ya ɓata. Manyan gidajen Rum da yawa an gina su ne kewaye da fili a tsakiya, kamar dai tsakar gida irin tamu. A otal guda, a bene guda, za ka sami ɗaki mai kallon titi da ɗaki mai kallon tsakar gida. Baƙi sun fi rububin na titi domin su leƙa su ga gari, saboda haka sau da yawa na ciki bai fi shi kuɗi ba. Abin da ya kamata shi ne, tun kafin ka biya, ka rubuta wa masu otal ka roƙi ɗakin da ke kallon cortile interno, wato tsakar gida, kuma ka nemi su amsa maka a rubuce. Ka tambaya ko gilashin tagar ruɓi biyu ne. Ka roƙi a nisanta ka da lif, da matakala, da ɗakin karin kumallo, domin hayaniyar cikin gida ma hayaniya ce. Bene na sama ya fi na ƙasa, sai dai a tabbata akwai lif, don ƙananan otal da yawa hawa ɗaya ne kawai suka kama a cikin tsohon gida.

In tafiyar ta faɗo a Yuli ko Agusta, lokacin da zafi ke tsananta, to, na'urar sanyaya ɗaki ta zama dole. Dalili kuwa, ɗakin da ba shi da ita sai an buɗe taga, taga kuwa in ta buɗe, gilashi ruɓi biyu ya tashi aiki. Haka nan ya kamata a buɗe taswira a intanet a duba abin da ke ƙarƙashin ginin: mashaya ce, ko tashar bas, ko layin taragu? A karanta abin da waɗanda suka taɓa kwana suka rubuta, a bar masu yabon fenti da furanni, a nemi masu maganar dare. A kuma duba lambar rajista da ake kira CIN, wadda ta zama wajibi ga kowane masaukin baƙi a Italiya tun watan Janairu na 2025. Masaukin da ba shi da ita, ni dai ba zan ba shi kuɗin mahaifina ba.

Sai batun unguwa. Waɗansu sukan ce a tafi can bayan gari, inda ɗaki ke da araha, dare kuma tsit. Akwai gaskiya a ciki, amma nisa ma kuɗi ne, kuma lokaci ne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Rum layi 3 ne kacal, A da B da C, kuma a al'ada yana tsayawa da ƙarfe 11.30 na dare, in ban da Juma'a da Asabar. Wanda ya makara sai bas ɗin dare ko tasi. A ganina tsaka-tsaki ya fi: unguwar da mutanen gari ke zaune da iyalinsu, wadda kuma take da tasha a kusa. Prati da San Giovanni suna kan layin A, Garbatella tana kan layin B, Monteverde kuwa taragu mai lamba 8 ke zuwa. Inda yara ke tashi da safe su tafi makaranta, ba a raba dare ana kiɗa. Kewayen Termini ma cike yake da ƙananan otal masu sauƙi, kuma ban ce a guje shi ba, illa dai a ja baya daga bakin tasha da titi biyu ko uku, a nemi ɗakin ciki. Akwai kuma gidajen baƙi na ɗarikun coci, masu tsabta da rangwame. Da yawansu suna rufe ƙofa kafin tsakar dare, abin da wasu ke gani takura, ni kuwa nake ganinsa shi ne mai gadin barci.

To, in ɗakin shiru ya ɗara ɗan'uwansa kuɗi fa, ina za a samo cikon? Bari mu yi lissafi irin na aji. A misali, a ce ɗakin titi yuro 60 ne, na tsakar gida 75. A kwana 5 bambancin ya zama yuro 75. Daga filin jirgin sama na Fiumicino zuwa tsakiyar gari, kuɗin tasi da aka ƙayyade a 2024 yuro 55 ne, jirgin Leonardo Express mai kai mutum Termini cikin minti 32 yuro 14, jirgin gama-gari kuwa mai bi ta Trastevere da Ostiense da Tiburtina yuro 8. Wanda ya bar tasi ya hau na ƙarshen ya ajiye 47. Ruwan sha kuma kyauta ne, gama akwai famfunan titi sama da 2,000 da ake kira nasoni, waɗanda aka fara kafawa tun wajen 1874, ruwansu mai sanyi yana zuba dare da rana. In da za ka sayi gora 2 kullum a kan yuro 2 kowace, ka ajiye 20 ke nan. Ran Lahadin farko ta kowane wata ana shiga wuraren tarihi na gwamnati kyauta, har da Kolosiyum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, tikitinsa kuwa yuro 18 ne a 2024. Tara 47 da 20 da 18, ka sami 85. Ga kuɗin barci ya fita, har da canji.

Ba a nan hanyoyin tsimi suka ƙare ba. Kofi a tsaye a bakin kanta ya fi araha a kan wanda aka kawo maka a tebur. Ana sayar da fiza yanka-yanka bisa awo, ka nuna iyakar abin da aljihunka zai ɗauka. A kasuwar Esquilino, kusa da Termini, akwai naman halal da kayan miya na Afirka da Asiya. Mai kiyaye abin da yake ci ya riƙa tambaya, domin shahararriyar taliyar garin da ake kira carbonara da naman alade ake yinta. Tikitin bas na minti 100 yuro 1.50 ne a 2024, amma tilas a buga shi a na'ura da zarar an shiga, in ba haka ba tara ta cinye ribar mako. Shiga babban cocin San Pietro ba a biya, haka ma yawancin coci-cocin da ke ɗauke da zane-zanen manyan gwanaye. Wanda kuma yake da ikon zaɓen lokaci, Nuwamba da Janairu da Fabrairu sun fi sauƙin ɗaki a kan lokacin Ista da farkon bazararsu.

Abu ɗaya da ke ba baƙo mamaki ran tashi shi ne harajin kwana, wanda birnin ya fara karɓa a 2011. A ƙa'idar da aka sa a watan Oktoba na 2023, otal mai tauraro 1 yuro 4 ne ga kowane mutum a kowane dare, mai 2 yuro 5, mai 3 yuro 6, har zuwa 10 a mai tauraro 5. Sau da yawa ba ya cikin kuɗin da aka nuna maka tun farko, a otal ake biyansa. Mutum 2 a otal mai tauraro 3 na kwana 5, yuro 60 ke nan. A ware shi tun daga gida, kada a ji kunya a gaban akawu.

Ga iyayenmu ina da roƙo guda. Ofishin biza yana neman shaidar masauki, wannan ne ke sa mutane su kama ɗakin da suka fara gani cikin gaggawa. Ku nemi irin kamun da ake iya sokewa ba tare da hasara ba, sa'an nan ku sa mu 'ya'yanku mu zauna mu duba muku taswira, mu rubuta muku wasiƙar tambaya. Aikin sa'a guda ne, kuma shi ne amfanin labarin ƙasa da lissafin da kuke biya mana kuɗin koyo. Ga 'yan'uwana kuwa, wata rana mu ne matafiyan. Mu tuna araha ba ta ado, tsada kuma ba ita ce hankali ba. Mai hankali shi ne wanda ya san inda zai matse hannu da inda zai sake shi, ni kuwa na ce a matse a kan tasi da tebur da ruwan gora, a sake a kan ɗakin da za a rufe ido a cikinsa.

A nan zan dakata. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya, amin.