Brian and Charles: Butum-butumin da ya ƙi zama ɗan amshin shata

A wani ƙauye da ke yankin Wales na Birtaniya akwai wani tuzuru mai suna Brian. Yana ɗan gyare-gyare a gidajen mutane, amma zuciyarsa tana ga ƙere-ƙeren da babu mai buƙatarsu, irin su ɗamarar da ake jera ƙwai a jikinta, da wani agogo da ya so ya riƙa tashi sama amma ya kama da wuta. Shi kaɗai yake cin abinci, shi kaɗai yake kwana.

Wata rana ya tsinci kan mutum-mutumi a cikin tarkacen da aka zubar, ya ɗora shi a kan injin wanki, ya sanya masa kaya. A wani dare da ake tsawa sai abin ya motsa. Ba a jima ba ya karance ƙamus ya iya Turanci, ya karɓi sunan Charles Petrescu, ya kuma kamu da son kabeji.

Wannan shi ne farkon fim ɗin barkwanci na Brian and Charles da ya fito a 2022. Jim Archer ne ya ba da umarni, David Earl da Chris Hayward suka rubuta labarin kuma suka fito a ciki, Earl a matsayin Brian, Hayward kuma a cikin akwatin da ake kira Charles. Daga wani gajeren fim na 2017 aka faɗaɗa shi, har ya kai ga shiga jerin masu takarar kyautar BAFTA ta gwarzon fim ɗin Birtaniya.

Duk wanda ya saba da fina-finan Amurka da na'urori ke ƙwace duniya zai yi dariya da ganin Charles. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, kowa na ganinsa ya san mutum ne a ciki. Masu fim ɗin ba su ɓoye hakan ba, kuma nan daɗin yake.

Sai dai abin da ya sa fim ɗin ya cancanci a tattauna shi yanzu ya wuce dariya. Kaɗaici ba ƙaramar matsala ba ce a Birtaniya, domin a 2018 gwamnatin Theresa May ta naɗa Tracey Crouch ministar da za ta kula da batun. Watanni kaɗan bayan fitowar fim ɗin kuma ChatGPT ya bayyana, kuma yau akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake tallata su a matsayin abokan hira. Ba sa gajiya, ba sa fushi, kusan duk abin da mutum ya faɗa sai su ce ya yi daidai.

Charles ba haka yake ba. Da farko kamar ƙaramin yaro yake, tambaya kan tambaya, rawa, wasan jifa da matashin kai. Daga baya ya zama saurayi mai taurin kai. Ya ga Honolulu a talabijin ya ce lallai sai ya je. Brian ya hana shi ko leƙa ƙofar gida, wai yana kare shi daga mugayen mutane. Akwai gaskiya a tsoron nasa, amma mai kallo yana gane cewa rabin tsoron na komawa zaman kaɗaici ne. Hausawa sun ce ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba. Ashe har wanda aka ƙera da injin wanki.

Wannan gardamar ce ta yi wa Brian magani. Nacin Charles ne ya fito da shi cikin gari, har ya samu bakin yi wa Hazel magana, wata mai kunya irinsa da Louise Brealey ta fito a matsayinta. Da Charles ɗan amshin shata ne, da har yau Brian yana ɗaki yana jin daɗin hira da abin da ya ƙera.

Fim ɗin yana da rauni. Eddie, azzalumin garin da ya sace Charles yana shirin cinna masa wuta, mugu ne kawai babu wani bayani, kuma da zarar ya shigo kowa ya san inda labarin zai dosa. Salon magana da kyamara da aka fara da shi, kamar ana ɗaukar rahoto, shi ma an yi watsi da shi a hanya.

Amma ƙarshen ya biya bashin, kuma wanda bai kalla ba ya yi haƙuri. Bayan Brian ya ceto Charles da bindigar harba kabeji, bai mayar da shi gida ya kulle ba. Tikitin zagaya duniya ya miƙa masa, ya raka shi tashar jirgin ƙasa. Jirgin ya tashi da Charles a ciki, Brian ya juya, Hazel tana gefensa.