Mayar da Mutane Gida Bai Isa Ba, Sai An Tsabtace Gonakinsu

'Yan uwa matasa, yau ba zancen kujera na zo da shi ba, zancen gona ne.

Tun 2021 da aka soma rufe sansanonin 'yan gudun hijira a Maiduguri, mutanenmu suke komawa garuruwansu. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. To amma wanda ya koma Bama ko Gwoza ko Dikwa, a ina zai yi shuka? Cikin gari akwai tsaro, an zagaye shi da rami, amma gona tana bayan ramin. Can ne Boko Haram suka binne bama-bamai, can ne rokokin da ba su fashe ba suke kwance cikin ciyawa.

Ni dai a ganina, ɓarnar nakiya ba sai ta tashi ba. Tsoronta kaɗai ya isa ya kashe gona. Kawuna yana da gona babba, amma ɗan fegi yake noma kusa da rami, saboda ba ya da tabbacin abin da garma za ta taɓo. Mutumin da a da yake fitar da zakkar hatsi, yau yana layin tallafi. Haka makiyayi, haka mace mai zuwa itace, haka yaron da zai ga ƙarfe ya ɗauka ya kai wa 'yan jari-bola. Direba kuma idan yana tsoron hanya sai ya ƙara kuɗin mota, mudun wake ya tashi a kasuwar Monday.

Aikin nan ba na kwana ɗaya ba ne. Mozambik ta gama yaƙi a 1992, amma sai 2015 aka ayyana ta rabu da nakiyoyi. Shekara 23 ke nan. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiya tun 2001, don haka tsabtace ƙasar nan alkawari ne da muka ɗauka, ba alfarma ba ce.

Sojojinmu suna ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Sai dai share hanyar sintiri daban, bin gona taku-taku har a miƙa wa mai ita daban.

Abin da nake so mu tambayi wakilanmu da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas: nawa aka ware wa wannan aiki a kasafi? Gonaki nawa aka tsabtace? Me ya hana a horar da matasan yankin, su da suka san kowane labi da kowace fadama, a biya su albashi? Ina tanadin ƙafar roba da jari ga waɗanda suka nakasa?

Kada mu jira 4 ga Afrilu, ranar wayar da kai kan nakiyoyi, mu ɗauki hoto mu watse. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, a yi masa waɗannan tambayoyi.

Allah Ya kare manomanmu, Ya ba mu damina mai albarka.